Dokin Ƙofar Madugu Barmo

Dalilin da ya sa ake ce wa ɗan tudun nan na bakin ɗaki dokin ƙofa, alhali ba ya haniniya, ba ya cin harawa, ba a kuma taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, da dalilin da ya sa duk wanda ya ɗare kansa a cikinku sai wani babba ya ce ya sauka, shi zan gaya muku yau. Ku matso, ku daina zungurar juna. Labarin ba na dariya ba ne, ko da yake akwai wurin da za ku ɗan dara.

A zamanin da, ƙofar ɗaki ba ta da komai a ƙasa. Magini yana jera tubali, in ya zo inda mai gida ya nuna masa sai ya tsallake, ya bar fili, ya ci gaba ta ɗaya gefen. In bango ya kai tsayin mutum sai a kawo azara, wato itacen giginya da aka tsaga, a gitta ta sama, kanta ɗaya ya hau bangon dama, ɗayan ya hau na hagu, a ɗora gini a kai. Shi ke nan an yi ƙofa. Ƙasan kuwa shafe yake da tsakar gida. Da damina ruwa ya shiga har ƙarƙashin gado, kaji su shiga, kwaɗi su bi bayansu, babu mai neman iso. Mutane sun saba, suna ganin haka ƙofa take tun asali.

To, a wani gari da ake kira Dutsen Kanya an yi wani magini mai suna Tunau, dogo, mai dogayen hannuwa, marar yawan magana. Sai da iyayensa suka fid da rai da haihuwa sannan aka same shi, shi ya sa aka sa masa wannan suna, wai Allah ya tuna da su. Daga kansa ba a ƙara ba, shi ne na fari shi ne auta. Ubansa, Barmo, madugu ne mai jan ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro. Yana da wani doki fari mai ɗigo-ɗigo da ake kira Kili, wanda ko yaran garin sun san takunsa.

Kun dai san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Barmo kuwa ya riƙe wannan kunya da hannu biyu. “Kai” yake ce masa, ko “yaron nan”. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa ɗora shi a cinya ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka ya taras manya suna yi, amma yaro ina ya san wannan?

Wata safiya ayari zai tashi, Tunau a lokacin bai fi turmi tsayi ba, sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin uwarsa yana kuka, wai sai an ɗora shi a kan Kili. Gida cike da 'yan rakiya. Barmo yana bisa sirdi, ya kau da kai kamar da garu yake magana, ya ce, “Tsaya nan. In na dawo, kafin ruwa ya sauka, zan ɗora ka.”

Yaro ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Kullum gari ya waye sai ya je bakin ƙofar nan ya tsaya, sai uwar ta janye shi da ƙyar ya ci abinci. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ya sake sauka, babu Barmo babu labarinsa. Sannu a hankali yaron ya daina tsayuwa. Uwar ta yi jinya ta rasu, kawunsa magini ya ɗauke shi ya koya masa kwaɓa ƙasa da jera tubali. Sai da Tunau ya fara gemu sannan wata rana aka ga wani mutum ya shigo gari a ƙasa, da sanda, ƙafafunsa duk faso. Barmo ne. Ayari ya watse a hanya, an kama shi an tsare a wata ƙasa mai nisa shekara da shekaru, Kili kuwa tun a wani ƙetaren kogi ruwa ya tafi da shi.

Tunau ya karɓi ubansa, ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi. Da safe ya durƙusa ya gaishe shi, uban ya amsa yana kallon gefe. Iyakar abin da ke tsakaninsu ke nan. Maganar hawan doki babu wanda ya tayar, amma tana nan a ran Tunau, ba ta je ko'ina ba. Ya yi aure, ya samu mace mai haƙuri da kaifin baki, Tabawa, har furfura ta fara fito masa, bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba.

Da tsufa ya kama Barmo sosai, sai hankalinsa ya fara guduwa. Ya manta sunayen maƙwabta, ya manta hanyar masallaci, daga baya ya manta ɗan nasa ɗungurungum. Da yake kullum yana ganinsa da ƙasa a hannu, sai ya riƙa ce masa “magini”, yana gaishe shi da ladabi irin na baƙo. Abu ɗaya ya rage masa a kai: yana kan hanya, yana sauri, ana jiransa a gida. Da an ɗan kau da ido sai ya fice yana neman dokinsa. An tsinto shi a gonakin bayan gari, an tsinto shi a maƙabarta. Ran kasuwa ya kwance dokin wani baƙo, saura kaɗan a yi masa dukan ɓarawo. Na ƙarshe, aka same shi tsundum cikin kududdufi, ruwa har ƙugu, yana cewa kogi yake ƙetarewa, kuma wannan da rani ne, ruwan ya ja baya.

Mai unguwa ya sa aka kira Tunau. Ya ce masa shi ba ya son shiga sha'anin gidan kowa, amma damina ta ƙarato, in kududdufin nan ya cika gawa za a tsamo. Ya ce a sa tsohon a turu, wato a zura ƙafarsa cikin gungumen itace yadda ake yi wa masu taɓin hankali, in kuwa Tunau ba zai iya ba, shi zai turo a yi.

Tunau ya ce a ba shi lokaci kaɗan, zai yi dabara. Dabarar da ya yi ita ce ta magini. Ya ja layi a kusurwar gida, ya fara sabon ɗaki. Niyyarsa ya bar ƙofa kamar kowace, in an gama ya shigar da tsohon, sa'an nan ya toshe ta daga ƙasa har zuwa ƙirji, ya bar 'yar kafa ta miƙa abinci. Da ya gaya wa Tabawa, sai ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta dube shi.

Ta ce, “Maigida, wannan ai kabari ne mai taga.”

Ya ce, “To turun kike so?”

Ya koma bakin aikinsa. Yana aikin nan zuciyarsa kashi biyu. Rabi na cewa ceton ran tsoho yake yi. Rabin kuma, wanda yake jin kunyarsa, yana cewa ai mutumin nan ma ya taɓa ajiye wani a bakin ƙofa ya tafi, yanzu shi ma ya ɗanɗana zama. Abin da ya fi ci masa rai, Barmo kan zo ya tsuguna kusa da shi yana kallon aikin, yana yaba masa, yana cewa bangon nan ya miƙe, Allah ya yi wa hannun nan albarka, ko na wane mai rabo ne ɗakin.

Bango ya kai tsayi, aka zo ɗora azara, sai Tunau ya ga guda ɗaya ta kasa masa. A ƙa'ida, magini ba ya saran azara da baki. Kara yake yankewa daidai tsawon da yake so, ya kai wa mai sara, a auna da shi. Amma ran nan yana cikin neman kara aka yi ihu tsoho ya fice. Ya yar da komai ya bi sawu, a hanya ya ci karo da mai saran giginya, sai ya ɗaga murya yana tafe ya ce a saro masa azara kamu uku.

Mai saran nan sunansa Cindo, don yatsu shida gare shi a kowane hannu. Sai dai abin da aka ƙara masa a yatsu an rage masa a damtse, gajere ne ƙwarai, hannunsa kamar na yaro. Kamu kuwa kun san daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, kuma kowa da nasa. Cindo ya auna uku cif da nasa hannun, ya sara, ya ɗauko a ka yana taƙama.

Tunau ya hau tsani, ya ɗaga azara zai gitta, sai ta zurma tsakanin bangon biyu. Faɗin ƙofar ta yi daidai, amma ba ta da rarar da za ta hau bango ko ta dama ko ta hagu. Cindo ya rantse uku aka ce masa, uku ya sara, har yana miƙa hannu a gani. Gajiya da baƙin ciki suka taso wa Tunau gaba ɗaya, ya saki azarar daga sama. Ta faɗo a gicciye, ta cije tsakanin bangon biyu a ƙasa, ta ɗare kan ragowar tubalin da ke zube a wurin, ta zauna daram kamar da gangan aka sa ta. Ya sauko ya yi shuri, ta ƙi motsi. Ya ƙyale ta, ya tafi tsohon kangon kawunsa ya zaro wata azarar ya rufe saman da ita.

Yana dawowa da niyyar ya sa gatari ya ɓalle ta ƙasan, sai ya tarar da ubansa tsaye a wurin, ya sunkuya yana shafa itacen da tafin hannu, yana wata 'yar murya da Tunau bai ƙara ji ba tun yana ƙarami. Tsohon ya dafa bango, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya tsallaka da ita ciki, ya bar ɗayar a waje, ya zauna. Bayansa da ya daɗe a tanƙware ya miƙe.

Ya ce, “Magini, ina ka samo shi? Na zaci ruwa ya ci shi.”

Tunau ya tsaya da gatari a hannu. Tabawa ce ta leƙo daga madafa ta ce, “A bakin kogi aka gan shi, Baba, yana kiwo.” Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce dama Kili ya iya ruwa. Ya nemi linzami. Tabawa ta kwanto igiyar guga ta miƙa wa mijinta, ya kafa ɗan turke a jikin bangon da tsohon ke fuskanta, ya ɗaura. Barmo ya kama igiya, ya buga diddige, ya kama hanya.

Ran nan har rana ta yi sanyi bai nufi ƙofar gida ba. Kashegari ma haka. Me zai fita nema, ga doki ya samu? Da Tunau ya ga haka sai ya kwaɓa ƙasa mai laushi ya lulluɓe azarar, ya ɗaga ta kaɗan, ya yi mata ɗan kwari a tsakiya yadda zama zai yi daɗi, ya shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da shi, Tabawa ta shimfiɗa buzu a kai. Mai unguwa ya zo da mutanensa da gungumen turu, ya tsaya ya yi kallo, tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce a ba ayari hanya. Mai unguwa ya matsa gefe, ya ce wa mutanensa su mayar da itacen. Maganar toshe ƙofa ba ta sake tashi ba, tubalin da aka tanada don ita Tunau ya yi wa kaji akurki da shi.

Haka aka shiga damina. Da hantsi Tunau ya kama ubansa ya hau, in lokacin salla ko na abinci ya yi Tabawa ta ce an iso zango, a kama shi ya sauka. Yana tafe yana kiran sunayen wuraren da yake wucewa, yana yi wa jakai tsawa, yana gaisawa da fataken da suka daɗe da rasuwa. Tunau yakan zauna nesa kaɗan yana gyaran kayan aiki, yana ji. Da fari sunayen baƙi ne, ba ya gane ko ɗaya. Daga baya ya fara jin waɗanda ya taɓa ji a bakin matafiya. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ji an ambaci wani gari da shi kansa ya taɓa yin gini a cikinsa, sai ya gane. Ashe tsohon ba Gwanja za shi ba, dawowa yake yi.

Jikin Barmo kuwa kullum ƙara raguwa yake. Abinci sai an lallashe shi, ya ce ba shi da lokaci, hadari na haɗuwa, ya yi alkawari. Tabawa ta tambaye shi wa ya yi wa alkawarin, sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, ya ƙi faɗa.

Wata la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, Tunau na kankare laka a bakin zaure, sai ya ji tsohon na cewa ga kukar bakin gari, ga rijiyar masaƙa, ga lungun mahauta. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya matso. Barmo ya ja igiya ya tsaya, yana haki kamar wanda ya yi sukuwa da gaske. Ya dubi tsakar gidan da ya yi shekara da shekaru a ciki, ya dubi Tunau.

“Magini, nan ne gidan Barmo?”

“Nan ne.”

“Na bar yaro a bakin ƙofar nan. Na ce ya tsaya. Ban gan shi ba.” Ya miƙa hannu ya nuna tsayin turmi. “Bai wuce nan ba. Ko ka gan shi?”

Tunau ya san abin da zai tambaya bai dace ba, ɗa ba ya sa ubansa faɗin sunan ɗan fari. Amma ya yi shekaru yana jira, kuma ya ga alamar ba sauran lokaci. Ya ce, “Yara suna da yawa a unguwar nan, Madugu. Yaya sunansa?”

Tsohon ya duba dama, ya duba hagu, kunya ta rufe shi kamar saurayi. Ya yafito shi da hannu, ya rage murya.

“Na fari ne, ba a faɗa. Amma kai baƙo ne, ba za ka kai ni gaba ba.” Ya ƙara rage murya. “Tunau. Tunau sunansa. Kullum ina faɗa a hanya, in ba kowa.”

Tunau ya durƙusa a cikin laka, ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, dogon mutum mai furfura, har kansa ya zo daidai inda hannun tsohon yake nuni, tafin ya sauka a kan gashinsa. Ya ce, “Ga ni, Baba.”

Barmo ya shafa kan, ya daɗe yana shafawa. Bai kau da fuska ba wannan karon.

“Ka daɗe a tsaye?”

“Ban daɗe ba.”

“Ruwa ya riga ni. Ka yi haƙuri.” Ya ja da baya kaɗan a kan buzun, ya buga wurin da ya bari a gabansa. “Hau.”

Tunau ya tsallaka ƙafa ya zauna a gaban ubansa, ya tanƙwashe dogayen ƙafafunsa, gwiwoyinsa na gugar bango. Tsohon ya zagayo da hannuwa ta gefensa ya kama igiya, ya ce ya riƙe sosai, Kili ba ya son a ja masa gashi. Ya buga diddige. Tabawa na tsaye a bakin madafa, ta toshe baki da gefen zane. Suka yi ta tafiya, uban na nuna masa gari, ga kasuwa, ga marina, ga inda ake ɗaure jakai. Can muryar ta yi ƙasa, kan tsohon ya kwanta a bayan ɗansa, igiyar ta zame daga hannunsa. Tunau ya ji nauyin ya sake, ya gane, amma bai motsa ba sai da Tabawa ta zo ta dafa shi ta ce a sauke Baba, an iso.

Bayan an yi sadakar bakwai, mutane suka ce ya ɓalle abin nan daga ƙofa kada ya riƙa tayar masa da hankali, ga shi ana tuntuɓe da shi. Ya ce a bar shi. Ba a jima ba aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya shiga ɗakunan unguwar kaf, ya jiƙa tabarmi da hatsi, ɗaki ɗaya ne ya kwana a bushe, shi ne na Barmo. Sai ga masu cewa a ɓalle suna sallama, kowa na so a yi masa irin dokin nan na Madugu a ƙofarsa. Tunau bai ƙi kowa ba. Duk ƙofar da ya fitar daga ranar, in ya gitta azarar sama sai ya yanke wata gajera ya kwantar a ƙasa, ya lulluɓe ta da ƙasa, ya shafe da hannunsa. Magina na wasu garuruwa suka gani suka ɗauka, sunan ya bi abin duk inda ya je.

Abu ɗaya ne Tunau bai iya jurewa ba har ya mutu, ya ga yaro ya ɗare kai yana wasa. Ba ya duka, ba ya zagi. Sai ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Sauka, ɗana, da mai shi.”

Shi ya sa har yau ake ce masa dokin ƙofa, ko da siminti aka yi shi. Shi ya sa kuma ake tsallake shi, ba a zama a kai, in kun hau a ce ku sauka. Manyan da ke korarku yawancinsu ba su san dalili ba, za su ce muku ba kyau ne kawai. Dalilin dai shi ne wurin na wani tsoho ne da ya makara a hanya, da yaron da aka ce ya tsaya, ya tsaya.